Tsohon Injin Gas ko HDi: Amsar Tambayar Yarona

Yarona, jiya bayan la'asar muna wanke hannu ka tambaye ni wace mota ce ta dace da Alhajin nan mai zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi, cikin Peugeot 206 guda biyu da aka yi masa tayi, ɗaya mai injin 1.9 D, ɗaya kuma mai 1.4 HDi. Ka ce a ganinka sabon, wato HDi, ya fi, tunda ba ya shan mai kuma ba ya cika kunne da ƙara. Ban amsa maka a tsaye ba saboda a nan wajenmu ƙananan motoci masu man gas ba su da yawa, ba ka samu sa hannu a cikinsu sosai ba, ina kuma so ka fahimci dalilin amsar kafin ka riƙe ta.

Injin 1.9 D, wanda kamfanin yake kira DW8, jikan injin XUD ne da Peugeot ta fito da shi a 1982, wanda ya yi aiki shekara da shekaru a cikin 405 da 306. A irinsa famfon mai ne sarkin aiki: bel ne yake juya shi, shi yake auna man, shi yake matsa shi, shi yake aika wa kowace nozul, wato bakin da ke fesa mai, rabonta a kan lokaci, kuma matsin da yake buɗe nozul ɗin bai kai bar 150 ba (bar ma'aunin matsi ne). Man ba ya faɗawa kai tsaye a kan fistin. Yana fara kamawa ne a wani ɗan ɗaki da ke cikin kan injin, sannan wutar ta kwararo cikin silinda. Wannan ɗan ɗakin ne yake cinye wani ɓangare na zafi, shi ya sa injin yake shan mai fiye da na zamani, shi ya sa kuma da sanyin asuba a lokacin hunturu ba zai tashi ba sai hitocinsa huɗu suna da lafiya.

HDi kuwa ya zo a 1998, shekara ɗaya bayan Alfa Romeo 156 ta fara fitowa da wannan tsari. A nan aikin famfo shi ne ya tara mai a cikin bututu ɗaya na ƙarfe da matsin da ya wuce bar 1,300, sannan ƙwaƙwalwar motar, bisa rahoton da take karɓa daga sansa-sansa masu auna yanayin injin, ta riƙa buɗe injekta mai fesa man da lantarki, har ta ɗan fesa kaɗan kafin babbar fesar domin ta kashe ƙarar nan ta injin gas. Ba ka yi kuskure ba da ka yabe shi. Ƙaramin 1.4 HDi, wanda Peugeot ta haɗa hannu da Ford wajen ƙera shi, yana ba da ƙarfin doki 68, kusan daidai da na 1.9 D, ga turbo da ke sa shi ja tun daga ƙasa, kuma a kowace kilomita 100 yana rage wa mai shi fiye da lita ɗaya. Da a Faransa Alhaji yake zaune, da ban tsaya dogon bayani ba.

Amma abin da nake so ka riƙa fara tambaya shi ne: a ina motar za ta sha mai, kuma idan ta tsaya, a hannun wa za ta tsaya? Alhaji yana bin hanyar Jibiya, yana shiga ƙauyuka ranar kasuwa, kuma kai shaida ne cewa idan tanki ya yi ƙasa ba ya ƙin man jarka a bakin hanya. Man jarka yana iya zuwa da ruwa, da ƙasa, wani lokacin har da kananzir. Man gas ɗin da kansa ne yake shafa wa famfon HDi da injektocinsa maiƙo, tazarar da ke tsakanin ƙarafansu kuwa ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, saboda haka da zarar maiƙon ya ragu sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe. An taɓa janyo mini wata 307 mai HDi da igiya, mai ita yana cewa ta mutu ne kawai tana cikin tafiya. Na buɗe gidan filtar mai, na tsiyaye abin da ke ciki a farin faranti, na fita da shi rana, sai ga ƙananan ɓarɓashin ƙarfe suna ƙyalli a ƙasa kamar an barbaɗa kwalli. Ɓarɓashin nan ya riga ya zaga daga famfo zuwa bututu, zuwa injekta huɗu, ya koma tanki, kuma gyaran da ya dace shi ne a sauya ko a wanke duk hanyar gaba ɗaya. Kuɗin ya kusa kai rabin abin da motar za ta yi a kasuwa, mutumin ya tafi ransa a ɓace, ni ma ban ji daɗin ba shi labarin ba.

Tsohon famfo ma ba ya son ruwa, kada ka ɗauka dutse ne, sai dai yana da haƙuri. Yakan fara da hayaƙi da rashin ƙarfi, ya ba ka makonni kana gani, kuma masu gyaran famfon manyan motoci da taraktoci suna iya kwance shi su sauya abin da ya ci, su auna nozul a kan teburinsu. Wanda Bosch ta ƙera ya fi na Lucas jure mai marar kyau, don haka ka duba sunan da ke jikinsa. HDi kuwa sai an jona kwamfuta kafin a san inda ciwon yake, kuma mai kwamfutar da ya iya fassara abin da ta nuna masa ba a kowane gari ake samunsa ba.

Sai dai akwai gefen da masu son tsohon inji suke ɓoyewa, ni kuma ba zan ɓoye maka ba. Duk 1.9 D da za ka gani yau ta haura shekara goma sha biyar, kuma kan injinta na alminiyom ne, yana ɗauke da matsi mai yawa, kusan 23 bisa 1. Idan ta taɓa yin zafi ko sau ɗaya, ko don lagireto ya toshe ko don fanka ta ƙi tashi a zafin bazara, gaskit yana iya ƙonewa, kan kuma ya tsage. Tsohon inji mai tsagaggen kai bai fi HDi mai lafiya ba ko kusa. Shi ya sa ba na yanke hukunci da sunan inji sai na ga injin da idona.

A kan HDi ɗin kuma, idan Alhaji ya nace, ka ɗaga murfin sama ka dubi gindin injektoci. Idan ka ga baƙin abu ya daskare kamar kwalta, ko ka ji wani ɗan huci yana fita tare da bugun injin, to zoben tagullar da ke ƙarƙashin injekta ya saki, kuma ba a barinsa, domin dattin yana gurɓata baƙin mai. A injin 1.6 HDi wannan dattin ne yake toshe siririn bututun da ke kai wa turbo mai har turbo ya mutu. Ka kuma hana shi sayen wadda take da matatar hayaƙi a salansa, wadda Faransawa suke kira FAP, domin tana buƙatar mai mai tsabta da wani ruwan magani na musamman, kuma idan ta toshe ƙwaƙwalwa takan rage wa motar ƙarfi. Abu ɗaya kuma ina roƙonka da shi saboda Allah: kada ka taɓa sassauta bututun injekta na HDi injin yana aiki, yadda muke yi wa tsofaffi idan muna neman silindar da ba ta kamawa, kuma kada ka nemi yoyo da yatsa. Man da ke fita da wannan matsi yana huda fata ya shige cikin nama, mutum yana iya rasa yatsa a kansa.

Ga Alhaji dai, da irin hanyarsa da irin man da yake sha, ni 1.9 D zan ce ya saya, muddin kanta lafiya lau ne, sannan mu sauya bel ɗin taimin da famfon ruwa da filtoci tun ranar farko ba tare da mun saurari rantsuwar dillali ba. Na gaya wa mai motar kada ya tayar da ita gobe kafin mu iso. Ka zo bayan sallar asuba da tocila, za ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyinsa, kai za ka murza makulli, ni kuma zan tsaya a kan tankin ruwa in ga ko zai yi kumfa, alamar gaskit ya ƙone ko kan ya tsage.