Tambaya da Amsa: Kanbas yana karya mini allura, hannun jaka kuma yana tsinkewa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Zariya, ina ɗinkin kayan mata da na yara a gida da keken Butterfly na ƙafa. Na sayo yadin kanbas mai kauri don in ɗinka jakar cefane da rigar girki da wasu kayan amfanin gida, in ya karɓe ni in riƙa sayarwa. Amma allura sai karyewa take yi, ɗinki yana tsallake, zare yana cukurkuɗewa ta ƙasa. Jakar da na samu na gama da ƙyar kuma, ranar da aka zuba mata doya hannun ya fita. Keken ne ba zai iya ba, ko ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kekenki zai iya. Waɗannan baƙaƙen kekuna na ƙarfe, Butterfly da tsohuwar Singer, sun fi yawancin ƙananan kekunan lantarki masu jikin roba juriya a kan yadi mai kauri. Abin da ya faru shi ne kin tunkari kanbas da allura da zare da tazarar ɗinkin atamfa. Kanbas kuwa da wuya ya yage a tsakiya. Duk jakar da kika ga ta lalace, ki duba: ko dai a ɗinki ta buɗe, ko a gindin hannu. Don haka ƙarfin kayan yana wurin ɗinkin, kuma can za mu fi daɗewa.

Mu fara da yadin da kika sayo, don ina zargin ya fi ƙarfin aikin da kike so. Kanbas saƙa ce ta auduga, zare ɗaya bisa ɗaya ƙasa, an matse ta sosai. Masana'antu suna auna kaurinsa da nauyi: oza nawa ne a yadi ɗaya murabba'i, ko giram nawa ne a mita ɗaya murabba'i. Mai oza 7 zuwa 8 ya dace da rigar matashi da rigar girki. Mai oza 10, wato kusan giram 340, shi ne abokin mai keken gida, yana yin jaka da kwandon wanki da aljihunan rataye. Mai oza 12, kusan giram 400, keken ƙafa yana ɗauka amma da lallami. Daga nan zuwa sama aikin masu rumfa ne da masu manyan kekunan masana'anta. A Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari ba kowane mai shago ne zai gaya miki oza ba, don haka ki yi awonki da hannu. Ki ninka bakin yadin gida shida ki matse da yatsu, domin a inda kalmasa ta haɗu da ɗinkin gefe haka kaurin zai kai. In kin ga wannan tudun ba zai shige ƙarƙashin ƙafar kekenki ba, wato ƙarfen da ke danne yadi a wurin allura, ki bar shi ko da an yi miki rangwame. Sannan ki ɗaga shi sama ki kalli rana ta cikinsa. Mai matsattsiyar saƙa ba ya barin haske sosai, kuma ya fi mai kauri sakwa-sakwa ƙarko.

Ki kuma tabbatar auduga ce. Ki zare 'yan zaruruwa ki kusanta musu ashana: auduga tana ƙonewa da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Ga jaka ba laifi in an gauraya, amma rigar girki da abin sauke tukunya kada ki yi su da mai roba. Tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya narkar da shi a jikin mutum.

Kafin almakashi ya taɓa shi, ki jiƙa shi ki wanke, ki shanya, ki goge da sauran danshi a jikinsa. Kanbas na auduga yana shiga a wankin farko, wani har kusan kashi 10 cikin 100. Wadda ta yanka kafin ta wanke, rigar matashinta ba za ta sake shiga ba bayan wanki ɗaya. Wankin yana kuma fitar da sitacin masana'anta, yadin ya ɗan saki, allura ta samu hanya. Mai launi ki wanke shi shi kaɗai, wasu suna zuba.

Yanzu allura. Ta atamfa lamba 14 ce galibi, kuma ta yi siriri da wannan aiki. Idan ta soki yadi mai tauri lanƙwasa take ɗan yi, sai ƙugiyar da ke ƙasa ta kasa kamo zaren, shi ne tsallaken da kike gani. In ta lanƙwasa da yawa ta daki farantin ƙarfe ta karye. Ki nemi lamba 16 ko 18 (a jikin kwalin za ki ga 100/16 ko 110/18), in da hali irin wadda ake ɗinka jins da ita, don bakinta ya fi kaifi, jikinta ya fi tauri. Ki lura da gindinta: keken gida yana ɗaukar mai gefe ɗaya a shafe, wadda ake rubuta wa HAx1, ta manyan kekuna irin Juki kuwa gindinta zagayayye ne, DBx1. Ba a musanya su. Kuma kanbas yana dakushe allura da wuri. Da zarar kin ji tana ƙwanƙwasa yadin maimakon ta shige shiru, ta gama aiki, ki canza.

Zaren kayan mata ma ba zai riƙe doya ba. Ki nemi zaren foliyesta mai ɗan kauri, irin na masu ɗinkin jins da jakunkuna. Masu sayar da kayan jaka da takalma, kamar na Ƙofar Wambai a Kano, sun san shi. Sai dai kada zari ya kai ki ga mafi kauri, irin na dukawa, keken gida ba ya jansa. Ga gwaji mai sauƙi: ki zura zaren a idon allurar tun ba ki ɗaura ta ba, ki riƙe bakin zaren biyu ki karkata. In allurar ta zame da kanta, sun dace. In ta maƙale, ko ki ƙara lambar allura ko ki rage kaurin zare. Idan zaren ƙasa mai kauri yana ba ki wahala, ki sa mai kaurin a sama, matsakaici mai kyau a ƙasa, ɗinkin zai riƙe.

Cukurkuɗewar da kike gani ta ƙasa, mutane da yawa sai su hau kwance wurin zaren ƙasa, alhali laifin na sama ne. Zaren sama ne bai ɗaure ba, shi ya sa yake zubowa. Ki ɗaga ƙafar keke sama duk lokacin da za ki zura zare, don a lokacin ne faifan nan biyu masu matse shi suke buɗewa ya shiga tsakaninsu. Sai ki riƙa ƙara ɗaurin kaɗan-kaɗan kina gwadawa a ƙyalle mai ninki daidai da na aikin, har ƙullin ya ɓuya a tsakiyar yadi. Wajen farawa ki riƙe wutsiyar zaren biyu ta baya har allura ta yi suka uku ko huɗu.

Tazarar ɗinki ki buɗe ta, milimita 3 zuwa 4, wato suka 6 zuwa 8 a inci ɗaya. Na san hankali yana ba mutum cewa ƙananan ɗinki sun fi ƙarfi, amma a kanbas ba haka ba ne. Huda kusa-kusa tana tsinka zaren saƙar, layin ya zama kamar takardar rasit da aka huhhuda don a yage ta cikin sauƙi.

Inda allura ta fi karyewa shi ne wajen hawa tudu, inda ɗinki ya haɗu da ɗinki. Kafin ki kai can, ki ɗora wurin a kan katako ki bubbuga shi da guduma, zai kwanta fiye da yadda kike zato. Idan ƙafar keke ta fara hawa sai ta ɗaga gaba ta bar baya, yadin ya daina tafiya. Ki tsaya da allura a ciki, ki ɗaga ƙafar, ki cusa ninkakken kwali ko ƙyalle a bayanta ta daidaita, ki sauke, ki juya keken da hannu suka ɗaya-ɗaya har ki wuce. Kada ki ja yadin ta baya don ki taimaka wa keke. Wannan jan shi ne ya fi komai karya allura, ki bar haƙoran keke da ke jan yadi ta ƙasa su yi aikinsu. Fil ma ba ya shiga kanbas sai ya tanƙware, maƙalan shanyar kaya sun fi riƙe shi.

To, ga jakar da ta ba ki kunya. Na tabbata hannun a bakin jakar kika liƙa shi da layi ɗaya ko biyu. Ki duba lissafin: duk nauyin doyar ya taru a wuri huɗu, kowanne bai fi faɗin inci ɗaya ba. Ko zaren bai tsinke ba, yadin zai zare a wurin. Maganin shi ne hannun ya zagaye jakar ta ƙasa, nauyi ya zauna a kan bel, yadi ya zama bango kawai.

Ki yanka yadi ɗaya, faɗi inci 18, tsawo inci 36. Ninka shi za ki yi biyu, don haka gindin jakar ba shi da ɗinki ko kaɗan, kin rufe ƙofar ɓarna ɗaya ke nan. Ki fara kalmashe bakin biyu, rabin inci sannan inci ɗaya, tsawon ya koma 33. Ki sayi bel na jaka mai faɗin inci ɗaya ko ɗaya da rabi, tsawon inci 112, wato yadi 3 da ɗan ƙari, ki ƙona bakinsa da kyandir don kada ya zare. Ki shimfiɗa yadin a buɗe, ki ja layi biyu da alli daga baki zuwa baki, tsakaninsu inci 5. Bel ɗin zai bi layi ɗaya, ya fita ya yi hannu na inci 22, ya dawo ta ɗaya layin, ya sake yin hannu, ya haɗu da inda ya faro. Ki duba kada ya murɗe a hannun, mahaɗin kuma ki ɗora baki kan baki kamar inci 2. Ki bi gefensa biyu da ɗinki. A wurare huɗun da bel ya bar yadi ya zama hannu, da kuma kan mahaɗin, ki ɗinka murabba'i ki gicciya shi ciki daga kusurwa zuwa kusurwa. Wannan akwatin mai gicciye shi ke raba nauyi ta kowane ɓangare, za ki gan shi a jikin duk jakar sojoji da ta matafiya mai inganci.

Sai ki ninka ta a bai-bai ki ɗinke gefe biyu da rabin inci, ki sake bin layi na biyu kusa da na farko. Bakin kanbas yana zarewa sosai, kada ki bar shi tsirara: ko ki kai a yi miki wibin, wato ɗinkin da ke kame bakin yadi, ko ki naɗe shi da bayas, siririn ƙyallen rufe baki, wanda ni na fi so don ya fi tsafta a ido kuma ya fi daɗewa. Don jakar ta zauna da gindinta, ki buɗe kowace kusurwar ƙasa ta zama alwatika, ki auna inci 2 da rabi daga tsini, ki ɗinke a gicciye. Zai ba ki gindi mai faɗin inci 5. Kada ki yanke kunnen da ya rage, ki kwantar da shi ciki, ƙarin ƙarfi ne.

In wannan ta zauna a hannunki, sauran kayan duk 'ya'yanta ne. Kwandon wanki ita ce aka ƙara mata tsawo da faɗin gindi. Jakar Islamiyya ta yara ita ce aka rage, aka sa mata marfi da hannu ɗaya dogo. Aljihunan rataye na bayan ƙofa, na takalman yara ko tsintsiya da buroshi, abu biyu suke so: sanda a cikin kalmasar sama don kada su lotsa, da ɗan ɗinkin alwatika a bakin kowane aljihu, don daga nan yagewa take farawa. Manyan abubuwa masu shimfiɗa kuwa, kamar labulen tsakar gida ko murfin injin niƙa, in za ki haɗa ƙyalle biyu ki yi musu irin haɗin da ke jikin wandon jins, inda baki ɗaya ya naɗe ɗaya aka kwantar aka bi da layi biyu. In murfin janareta ne, ki gaya wa mai saye kada a rufa sai an kashe ya huce.

Tunda sayarwa za ki yi, ki faɗa wa masu saye gaskiya game da ruwa. Kanbas na auduga yana tare yayyafi, don zarensa yana kumbura ya toshe ƙofofin saƙa, amma ba tamfol ba ne. Ana goga masa kakin zuma a bi da zafi ya shige ciki, ruwa ya riƙa zamewa, sai dai a zafinmu na bazara kakin yana laushi ya kama ƙura, kuma ba a wanke shi da ruwan zafi ko omo. Don haka ban ba ki shawarar yi wa jakar cefane ba, wadda manja da tumatir za su sa a riƙa wanke ta kullum. Babban abokin gabarsa shi ne danshi. In aka ninke shi bai bushe ba da damina, fumfuna za ta yi masa baƙin tabo ta kuma ci zaren.

Kekenki ma zai sha aiki. Kanbas yana zubar da burbushin auduga da yawa, don haka duk jaka biyu ko uku ki cire farantin ki share tsakanin haƙora, ki ɗiga mai. Ragowar yadin nan mai kauri da kika riga kika saya kada ki zubar: ki yanka shi gida ɗaya ki shimfiɗa a gindin jakunkuna, ko ki yi tabarmar bakin ƙofa wadda bayas kawai za ki zagaya mata. Sabon da za ki sayo ya zama mai oza 10, ki haɗo da kwalin allura lamba 18.