Ƙanwata, ki koyi gasa burodi da ayaba kafin hunturun Ingila

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, barka da samun gurbin digiri na biyu, Allah ya sanya albarka. Kin tambaye ni abin da za ki cika akwati da shi, da kuma yadda ake yi da kewar gida idan ta taso.

Maganar akwati ba wuya: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ki bar wa su Hajiya, don dokar ƙasar nan ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu. A filin jirgi za a karɓe.

Kewa ita ce aiki. A nan Manchester, cikin Disamba, kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi. Ki fito daga aji cikin duhu da yayyafi, ki buɗe ɗaki ba mai yi miki sannu da zuwa. Ga shi tun Janairun 2024 an hana masu digiri na biyu na zaman aji zuwa da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, don haka maigida da yara suna can, ke kina nan. A irin wannan yammaci ba ki da ƙarfin tuƙa tuwo, kuma tuwon mutum ɗaya ƙara tunani yake yi. Ni fudin burodi nake gasawa, abincin talakawan Turawa na tun da can, wanda suka ƙirƙiro don kada burodin da ya kwana ya tafi a banza.

Yanka shida na burodi, wanda ya fara bushewa ya fi shan madara. Da yamma manyan kantuna irin su Tesco suna liƙa wa wanda ya kusa ƙarewar wa'adi 'yar takarda rawaya su karya farashi, shi za ki ɗauko. Ki shafa masa bota, ki yayyanka a kwanon gashi. Ki samu ayaba uku da bawonsu ya yi baƙi-baƙi, ki dame biyu, ki yanka ɗaya a kai. Ki kaɗa ƙwai uku da madara mililita 400 da sukari cokali uku, ki zuba, ki farfasa baƙar cakulan gram 100 ki cuccusa a tsakani. Sai ki bar shi ya jiƙa minti 20, lokacin sallarki kenan. Masu gaggawa a nan suke ɓata shi, ya fito sama a bushe, ƙasa tsamo-tsamo. Obin a digiri 180, minti 35 zuwa 40, har sama ta yi ja, tsakiya na ɗan rawa kaɗan. Ni ina barbaɗa kirfa da garin citta. Turawa ba su cika sa citta ba, su suka sani.

Ki kula da abu guda. Girke-girkensu da yawa suna cewa a zuba giya, kuma ruwan banila na kwalba galibi da barasa ake haɗa shi. Ki karanta bayan kwalba, ko ki bar shi, ayaba ta isa ƙamshi.

Kicin ɗin ɗalibai na haɗaka ne, mutum biyar ko shida, kowa ya dafa nasa ya shige ɗaki. Daddawa idan ta hau wuta wasu tagogi suke buɗewa, amma ƙamshin cakulan da ayaba fito da su yake yi, kuma kwano ɗaya ya fi ƙarfin cikinki. Ki ɗiba wa duk wanda ya leƙo. Wadda kika ba yau ita za ta nuna miki motar da ke zuwa unguwar Cheetham Hill, inda mahautan halal da shagunan kayan miya suke.

Sauran ki rufe a firji, yana kwana biyu lafiya, ki ɗumama da shayin safe. Ki sanar da ni ranar tashinki, kuma ki gaishe min da Hajiya.