Hajiya ta ce a maida ita gida, yayanmu ya ce wannan kisa ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mahaifiyarmu ce ke fama da kansar mama, an yi mata aiki an yi kemo (maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji), yanzu likitoci sun ce ciwon ya shiga ƙashi da hanta, ba maganar warkewa sai dai rage raɗaɗi, sun rubuta mata morfin na sha. Ita da bakinta ta ce a maida ita gida ta gaji, kuma kar a sayar da gona saboda ita. Babban yayanmu ya ce sam sai an fita da ita Indiya ko Masar, wai wani malami ya ce masa barin magani daidai yake da kisa. Ni ke jinyarta. Muna da laifi in mun bi maganarta? Kuma morfin ɗin nan ba kayan maye ba ne?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Hajiya sauƙi ya sa kaffara ne, ke kuma sannu da jinya 'yar'uwa.

Toh kafin komai, maganar Hajiya gida biyu ce, "na gaji" daban, "kar a sayar da gona" daban, kuma hukuncin yana rataye a nan. Ki samu lokacin da ciwon ya lafa, ku biyu kawai, ki tambaye ta: Hajiya da a ce kyauta za a yi maganin nan, za ki ci gaba? Iyayenmu mata akwai kawaici, sai uwa ta haƙura da ranta don kar 'ya'ya su tsiyace. In da likitoci sun ce akwai kyakkyawan zaton warkewa kuma kuɗi ne kawai ya sa take ja da baya, da na ce ku lallashe ta ku sayar da abin da za ku iya. Amma a yadda kika faɗa, ƙwararru sun ce ciwon ya wuce nan, ita kuma tana cikin hankalinta ta zaɓi gida. In haka ne ba ku da laifi ko kaɗan, tilasta mata ma shi ne abin da nake jiye muku tsoro.

Maganar da aka faɗa wa yayanku kuwa, ban san yadda ya kai tambayar ba, amma in a kan irin halin Hajiya aka faɗe ta to kuskure ce. Kisa shi ne ka aikata abin da zai fitar da rai, kamar allurar da ake yi wa majinyaci a Holan da Beljiyam don ya mutu, wannan haramun ne ba saɓani. Wanda ya daina maganin da ba ya amfani ciwo ne ya yi ajalinsa, ba 'ya'yansa ba. Masu wancan ra'ayi suna kafa hujja da hadisin "ku yi magani ya bayin Allah", alhali mafi yawan malamai ba su ɗauki umarnin a kan wajibci a kowane hali ba, saboda ga matar nan mai farfaɗiya a Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya ba ta zaɓi, ko ya yi mata addu'a ta warke ko ta yi haƙuri ta samu Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Da neman waraka wajibi ne ko ta halin ƙaƙa, ta yaya zai ba ta zaɓi? Sannan shi kansa (SAW) a ciwon ajalinsa an ɗura masa magani ta gefen baki yana nuni da a bari, suka ce ai ƙin magani ne irin na marar lafiya, da ya farfaɗo ya ce ban hana ku ba? ya sa aka ɗura wa duk wanda ke ɗakin in ban da Abbas da bai halarta ba. Ki karanta wa yayanku wannan a hankali. Sai kuma ɗaya hujjar tasu, ayar "kada ku jefa kanku cikin halaka" ta Baƙara, wadda Abu Ayyub al-Ansari ya bayyana cewa a kansu mutanen Madina ta sauka lokacin da suka so komawa gyaran dukiyarsu su bar ciyarwa da jihadi. Ko mun ɗauke ta a faɗinta, tana hawa kan wanda jini ke zuba ya ƙi a ɗaure masa, ko mai tarin tibi ya ƙi shan magani yana yaɗa wa iyalinsa. Shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta rarrabe: magani yana zama wajibi in barinsa zai kai ga mutuwa ko rasa gaɓa ko ciwon mai yaɗuwa ne, yana zama mustahabbi, yana zama halal kawai, yana zama makaruhi in ana tsoron illarsa ta fi ciwon. Kemo ga tsohuwar da hantarta ta taɓu, ana ta amai jiki na narkewa ba tare da fatan warkewa ba, ku tambayi likitan a wane gida ya faɗa. Kwamitin fatawa na Saudiyya ma tun 1409 bayan hijira ya halatta kar a yi ta danna ƙirjin irin wannan majinyaci don farfaɗo da shi, in likitoci uku ƙwararru amintattu sun tabbatar da halinsa.

Duk da haka kar ki mayar da yayanku abokin gaba. Sau da yawa wanda ba ya kusa da jinya shi ya fi kafewa, don yana jin bai yi komai ba. Ku tura takardun gwajinta da hotuna ga wani ƙwararren likitan ciwon daji kafin a taɓa gona, in shi ma ya faɗi haka zuciyar yayanku za ta kwanta. Kuma gonar in ta Hajiya ce ba mai ikon sayarwa sai da yardarta.

Maidowa gida ba yana nufin an daina kula da ita ba fa. Kula da wanda ba a sa ran warkewarsa fanni ne guda a likitanci, asibitin koyarwa na Ibadan ya daɗe da sashensa, ku tambaya a naku asibitin wa ke kula da wannan. Abinci da ruwa ba a yanke mata, amma in ta ƙi ci kar a yi mata ɗure, tana iya shaƙewa, a riƙa jiƙa mata leɓe ana ba ta kunu cokali cokali. A riƙa juya ta duk bayan kamar awa biyu saboda gyambon kwanciya, a hankali, ƙashin da ciwon ya shiga ba ya da wuyar karyewa.

Morfin halal ne a gare ta. Malamanmu na Malikiyya irin su Ƙarafi sun bambanta abin sa maye irin giya da abin da ke gusar da ji ko sa barci, na biyun ya halatta don lalura gwargwadonta, da shi ake wa mutane tiyata ma. Na san abin da ya tsorata ku, abin da kodin da tiramadol suka yi wa yaranmu har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma wannan daban. Ki ba ta a kan lokacin da likita ya tsara, na sha galibi duk awa huɗu ne, kar ki jira sai ta fara ihu, kar ki ƙara da kanki kar ki rage. Yakan sa barci da tashin zuciya a kwanakin farko sannan ya lafa, yana kuma ɗaure ciki, ki ce a haɗa mata da maganin sassauta bayan gida. Masu cewa zai hana ta kalmar shahada, wanda ciwon ƙashi ke murɗawa ya fi wuyar samun natsuwar zikiri. Kwalbar kuma ki kulle ta, makulli a hannunki, gidan da ke da samari ba a barin irin wannan a kan tebur.

Sallah ta yi yadda za ta iya, a zaune ko a kwance, da taimama in ruwa na wahalar da ita. Wadda lokacinta ya fita tana sume babu ramuwa a mazhabarmu.

Abu ɗaya da za ku gaggauta tun tana da bakin magana: bashi, ajiyar mutane, adashi in tana ciki, da wasiyya, a rubuta da shaidu. Wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji, kyautar da za ta yi yanzu ma hukuncin ciwon ajali ke hawanta, kar wani ya lallaɓo a ɓoye ya sa ta sa hannu a kan gonar nan. Masu zuwa dubiya a taƙaita musu, ban da zaman kuka a kanta da kawo jiƙe jiƙen da likita bai sani ba.

Ke kuma ki raba kwana da 'yan'uwanki, har mazan, jinyar uwa ba a kan 'ya mace kaɗai take ba. Ki samu barci, ki nemi fahimtar maigidanki in kina da aure. In wata rana kin ji a ranki gara Allah ya hutar da ita, ba ki zama muguwa ba, ki mayar da shi addu'ar da aka koyar: Allah ka raya ta in rayuwa ta fi mata alheri, ka karɓe ta in mutuwa ta fi mata alheri.

Wallahu a'alam.