Gansakuka a Sabon Akwatin Kifi

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa akwatin gilashin da ka dasa wa tsirrai makonni uku da suka wuce ya fara yin kore, da kuma maganin da za ka saya ka zuba. Zancen maganin nan ne ya sa na zauna ba ka amsa, domin shi ya taɓa cinye mini jari.

Shekarun baya wani attajiri a nan Garwa ya sa na haɗa masa akwati mai cin lita 300 a falonsa. Daga Duwala na sa aka kawo tsirran, na dasa su ɗaya bayan ɗaya da hannuna, na kuma gaya masa a gaban yaransa kada fitilar akwatin ta wuce awa 6 a rana har sai tsirran sun kama. Ina fita ya sa aka yaye labulen tagar da ke kallon akwatin, wai don baƙi su gani tun daga ƙofa, fitila kuwa dare da rana, ga shi watan Maris ne, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40. 'Ya'yansa ma da tafin hannu suke watsa wa kifin abinci. Tsiron da bai kama ba tukuna ba ya shan abin da ke cikin ruwa sosai, gansakuka kuwa ba ta jiran saiwa, haske da dattin kifi sun ishe ta. Cikin mako biyu ruwan ya koma kamar miyar kuka. Maimakon a aiko mini, sai mai aikin gidan ya zuba jabel, wato ruwan bilic na wanki. Da na iso na tarar da kifayen a saman ruwa sun juya ciki, ganyayen sun yi fari kamar tsumma. Mutumin ya hana ni cikon sefa 150,000, ya kuma riƙa gaya wa abokansa cewa ruɓaɓɓen kaya na sayar masa. Har yau idan na bi ta ƙofar gidan raina yana ɓaci.

Ku yaran yanzu so kuke ku dasa yau, gobe ku ɗauki hoto da waya, shi ya sa hannunku ke saurin kaiwa ga kwalba. Kankare gilashi ba sai na koya maka ba. Mayar da fitilarka awa 6, ka tare hasken taga, ka riƙa canza rabin ruwan sau biyu a mako da ruwan famfon da ya kwana a buɗe. Abinci kuma daidai wanda za su cinye cikin minti biyu. Ka samo kainuwa daga bakin kogin Binuwai, ka wanke ta sosai saboda katantanwa, ka sa a saman ruwan, domin tana yin inuwa, tana kuma riga gansakuka shanye dattin kifin da ke ciyar da ita. Gansakuka mai launin ƙasa-ƙasa da ke lulluɓe gilashi a farkon makonni kuwa da kanta take tafiya.

Ranar Juma'a bayan masallaci zan zo in duba, kada in tarar ka ƙara kifi ko ɗaya.