Wai har kare kuke kiwo a Garwa?

Ɗan'uwa ka tambaya wai da gaske ne mu Hausawan Garwa ta arewacin Kamaru muna ajiye kare a gida, in kuma haka ne wane iri muke ɗauka, tunda kaima ɓarayi sun dame ku a unguwa can Katsina har iyali sun fara maganar. Eh da gaske ne, amma ba kowane gida ba, kuma ba irin wanda kake gani a waya ba, kare kwance kan kujerar falo. Mu nan sai mutum ya san aikin da karen zai masa kafin ya je neman kwikwiyo.

Kasan mu ma Malikawa ne kamar ku, Risalar da kuka karanta a zaure ita muka karanta. Hadisin nan sananne ne, wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa lada kullum. Gadin gida kuma malamai da dama sun haɗa shi da waɗannan in akwai buƙata ta gaske. To zama da jama'a ne ya bambanta mu, nan maƙwabcinka Bafulatani ne, na gaba ɗan ƙabilar Tupuri ko Mundang ko Fali, wasu Kiristoci, kare a ƙofar gida ba abin kallo bane. Ga Mbororo da shanunsu a daji, lokacin da zargina masu tare hanya suka addabi arewacin Kamaru makiyayi ba ya wasa da karensa. Duk da haka dattawanmu har gobe basa yarda kare ya tsallaka zaure ya shiga inda mata ke girki ko inda ake sallah, wajensa bakin ƙofa ko garka ko wajen turken awaki, kwanon cinsa daban, in ya sa baki a ƙwarya a wanke sau bakwai.

Yanzu maganar iri, wadda ita ce tafi damuna. Samari masu ɗan kuɗi sun raja'a kan berje, wato karen Jamus ɗin nan mai gashi, da rotwaila da bobul na Afirka ta Kudu, ana kawo su daga Yawunde da Duwala da tsada. Wallahi tausayi suke bani. Garwa a watan Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, kaga kare mai gashi a ɗaure jikin bango da rana yana haki harshe a waje, kaska ta cika masa kunne ta sa masa ciwon da ke shanye jini, mai shi kuma bashi da halin nama kullum balle kuɗin likitan dabbobi, sai dabbar ta rame ta zama mafaɗaciya, ranar da ta kwance daga ɗauri kuwa yaron maƙwabci ne zai ji a jikinsa. A Ngaundere da ke kan tudu akwai sanyi, can yana ɗan jurewa, amma Garwa da Marwa da Kuseri kam zalunci ne, kuma Katsina ma zafinta ba wasa bane. In gidanka babba ne, akwai inuwa akwai fili, kana da abin ciyarwa da mai fita dashi safe da yamma, to bismillah. In gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da yara da almajirai na shige da fice, dan Allah ka haƙura.

Karenmu na gida, jan nan siriri mai gajeren gashi, shi nake baka shawara. Ya saba da zafi, sauran tuwo da kan kifi da ruwa mai kyau sun riƙe shi, yana da kunne, kuma abin da kake so da dare ai haushi ne ya tashe ka ba cizo ba. Masu gonar masara da gyaɗa kusa da dajin Binuwai shi suke riƙewa saboda biri. Mu yawanci ma ba saye muke ba, saboda hanin da ya zo kan kuɗin kare, sai dai ka roƙa wajen wanda karyarsa ta haihu ka ba yaran gidan tukwici. Kaje ka ga uwar da idonka, in mai natsuwa ce da yara yawanci ɗan haka zai tashi. Kar a raba shi da nono sai ya kai wata 2, ka bar wanda ke ɓuya a lungu yana gurnani, ka ɗau mai zuwa wajenka da kansa. In mace ka ɗauka ka san inda zaka kai 'ya'yan kafin su zo.

Sai allura, wannan ba shawara bace dole ce. Ciwon haukan kare in alamarsa ta bayyana a jikin mutum ba a tashi. A Njamena an yi wa karnukan gari allura gaba ɗaya a 2012 da 2013, cutar ta lafa sosai, daga baya ta dawo ta karnukan da ke shigowa daga wajen gari, shi yasa ba a cewa anyi sau ɗaya an gama. A yi masa yana wata 3, a sabunta duk shekara, ka adana katin. Ka kuma faɗa ma mai ɗakinka tun yanzu, in kare ya ciji yaro ko yaƙushi ne kawai, a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a wuce asibiti ranar, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Mu nan akwai reshen cibiyar Pasteur a Garwa, cibiyar lafiya ce da ke yi wa mutane wannan allurar, kai sai ka tambayi asibitin dabbobi na kusa da ku inda ake samun allurar mutum kafin ka kawo karen.