Amsa ga mai tambaya daga Tawa: kar ka kashe kanarin

Malam, ka ce sabar shagonku, wato babbar kwamfutarku mai aiki da Linux, ta tsaya cak da saƙon "Kernel stack is corrupted" bayan ka sa direban katin Wi-Fi (manhajar da ke tuƙa katin) da ka sauko da shi daga intanet, kana son kashe kariyar da ta fitar da saƙon. Don Allah bar ta.

Duk aikin da kanel, wato zuciyar Linux, ya kira, yana da ɗan wurin ajiya a wani sashe na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake ce wa sitak, kusa da adireshin da zai koma in ya gama. In direba ya zuba bayani fiye da abin da ma'ajin zai ɗauka, sai ya malala ya taka adireshin nan, kamar tulu ya cika ya jiƙa tabarma. Ɓarawo kuwa da gangan yake malalar, don ya karkata kanel zuwa nasa umarnin. Shi ya sa GCC, manhajar da ake gina kanel da ita, ke dasa wata lamba ta sirri tsakanin ma'ajin da adireshin, ana ce mata kanari, sunan tsuntsun da masu haƙar kwal ke shiga rami da shi a da, don ya nuna musu in akwai iska mai guba. Kafin komawa a duba ta. In ta canja, kanel ya gwammace ya faɗi da a hau shi.

Wato kanarin ya yi aikinsa, laifin na direban ne. Ni ma a nan Yamai na taɓa kwana biyu ina zargin wutar lantarki, ashe wani tsohon direba ne.

Duba a saitin kanel ko CONFIG_STACKPROTECTOR_STRONG, mai kunna kanarin, na kunne, da VMAP_STACK, wata kariyar sitak da ta shigo cikin Linux 4.9 a 2016. Cire direban, sannan ka turo mana layukan ƙarshe na saƙon.