Yaya ake gane cewa yaro na cikin talauci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Rigasa. Ina yawan ji a rediyo ana cewa kashi kaza na yara suna cikin talauci. Yaro dai ba ya neman kuɗi, to da me ake auna talaucinsa? Kuma ta yaya ake sanin na jihar Kaduna, alhali ba wanda ya taɓa zuwa gidanmu ya tambaye mu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Hanya biyu ake bi.

Ta farko ta kuɗi ce. Ana lissafa abin da gida ke kashewa a shekara, a raba da yawan mutanen gidan. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019, duk wanda rabonsa bai kai naira 137,430 a shekara ba an saka shi cikin matalauta, kuma kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya suka faɗa ciki. Yaron da ke irin wannan gida shi ma ana ƙirga shi.

Sai dai wannan awo bai gamsar da ni ba idan ana maganar yara. Yana ɗauka cewa abin da ya shigo gida kowa na samun rabonsa daidai, ke kuwa kin san ba haka take ba. Maigida na iya cika rumbu da masara, amma 'yarsa tana talla lokacin da ya kamata tana ajinki, ƙaninta kuma ba a taɓa yi masa allurar rigakafi ba.

Shi ya sa aka fito da hanya ta biyu, wadda ke duba abin da aka rasa kai tsaye. Rahoton da hukumar ta fitar a Nuwamba 2022 ya duba fannoni 4: lafiya, ilimi, yanayin zama, sai aikin yi da tsaro. A ciki ana tambayar ruwan sha, masai, abin da ake girki da shi, nisan asibiti, da ko yara na zuwa makaranta. Ga 'yan ƙasa da shekara 5 an ƙara fanni na biyar na rayuwa da girman yaro, irin su rigakafi, shayarwa da tamowa. A awon fannoni 4 ɗin, sai rashin ya taru ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aunin kafin a kira shi talauci. Da wannan awo, rahoton na 2022 ya nuna kashi 67.5 cikin 100 na yaran Najeriya ne ke ciki, kuma fiye da rabin matalautan ƙasar yara ne. Wannan adadi yana damuna ƙwarai.

Batun rashin zuwa gidanku kuwa, dubi mai sayen masara a Saminaka. Ba ya zazzage buhu, sokawa yake yi a wurare daban-daban ya duba abin da ya fito. Haka masu ƙididdiga suke zaɓen gidaje ta hanyar ƙuri'a. A binciken da ya samar da rahoton 2022, gidaje sama da 56,000 aka zaɓa a faɗin ƙasa, yadda za a iya fitar da sakamako ga kowace jiha da kowace mazaɓar sanata daga cikin 109.

A nan ne nake son ki lura sosai. Kaduna mazaɓun sanata 3 gare ta, amma ƙananan hukumomi 23 ne. Adadi ɗaya na Kaduna ta Tsakiya ya haɗa yaron Malali da na Rigasa da na ƙauyen Birnin Gwari, alhali rayuwarsu ta yi nisa da juna. Wanda zai raba kuɗin makarantu da asibitoci yana buƙatar bayani har matakin gunduma, wannan kuwa aiki ne da ya fi dacewa da Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna. Ga shi kuma rabon da a yi ƙidayar jama'a tun 2006, don haka idan aka juya kashi zuwa yawan yara, kiyasi ne.

Akwai kuma yaran da binciken gida-gida ke saurin tsallakewa: almajirin da ke kwana a zaure, ɗan makiyayi da ke kan hanya, da yaran da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Su ne sau da yawa suka fi shan wahala, saboda haka ina ganin ainihin lamarin ya fi abin da aka rubuta.

Rajistar ajinki ma bayani ce, Malama. Ki riƙa rubuta sunan duk yaron da ya daina zuwa da dalilin dainawarsa, ki miƙa wa hedimasta a ƙarshen kowane zango.